Jan Tabo a Taswirar Ƙwaƙwalwar Yaya

Ranar da aka miƙo mana sakamakon hoton ƙwaƙwalwar Yaya, mako goma bayan an gama yi masa gashi, ni aka ɗora wa nauyin karantawa, domin a gidanmu duk takardar da ta zo da Turanci a hannuna take faɗawa. Takarda ce guda, sai faifai ɗaya, sai wani hoto da aka buga da launi. Ban tsaya kan rubutun ba, idona kan hoton ya sauka. Ƙwaƙwalwa ce kamar an yanka ta a kwance, akasarinta shuɗi da kore, amma a gefen ramin da likitocin Alƙahira suka bari bayan sun cire ƙarin akwai wani tabo ja wur, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Matar Yaya, wadda ba ta taɓa ganin irin wannan hoto ba, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Innalillahi, ya dawo." Babu wanda ya koya mata ma'anar ja. Rubutun da ke ƙasa ma abin da ya ce ke nan cikin lafazin likitoci: an auna yawan jini a wurin an sami 2.6, saboda haka alamu sun fi karkata ga dawowar ƙarin.

Yaya ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mutum mai baki, wanda zai iya sayar wa mai shadda shadda. Ciwon ya fara masa ne da ɓatan kalmomi. Zai ce a miƙo masa makulli alhali cokali yake nufi, ya ji da kunnensa ya yi kuskure, ya yi dariya, ya sake faɗin makullin. Daga baya farfaɗiya ta kayar da shi a shago. An gano ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kusa da mazaunin harshe, kuma bayan an yi masa aiki a Masar aka faɗa mana sunansa: giliyobilastoma, mafi tsanani cikin ƙarin da ke tsirowa daga ƙwaƙwalwar babban mutum. An bi da shi ta hanyar da aka saba tun 2005, lokacin da Roger Stupp da abokan aikinsa suka nuna amfanin haɗa gashin mako shida da ƙwayar timozolomid. Kafin a kai ga haka sai da muka sha fama da dangi masu cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, amma wannan zance ne mai buƙatar tasa maƙalar. Abin da ke gabanmu a ranar shi ne, in jan tabon nan ƙari ne, za a sake buɗe kan Yaya a yanka a wurin da kuskuren kaurin farce zai iya raba shi da magana har abada. Kuɗin komawa Masar kuwa ba za su fito ba sai an sayar da gonar gadonmu.

Akwai dalilin da ya sa aka nemi wannan awo na musamman tun farko. Gashi da magani kan bar wurin da suka yi aiki da kumburi da mataccen nama, kuma a hoton MRI na yau da kullum wannan tabon yana haske kamar yadda ƙari mai rai yake haske. Kimanin ɗaya cikin huɗu ko biyar na masu irin ciwon Yaya sukan nuna wannan dawowar ƙarya a watannin farko, daga baya ta lafa da kanta. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙwararru suka fitar a 2010 suka hana a yanke hukuncin dawowar ciwo cikin mako 12 na farko in dai sabon hasken yana cikin wurin da aka gasa, sai fa in an yanko naman an duba. Bambancin da ake nema yana cikin jini. Tun 1971 Judah Folkman ya kawo hujjar cewa ƙari ba ya wuce girman milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini. Ƙari mai rai cike yake da jini, mataccen nama kuwa jininsa kaɗan ne. Wanda ya iya auna jinin da ke cikin tabon ya kusa sanin ko mene ne. Don wannan awon muka ɗauki Yaya zuwa Abuja, saboda yana buƙatar na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, kuma wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI ƙasa da ɗari a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da wani matashin likitan hoto a wani asibitin koyarwa, don a ji ta bakin mutum na biyu kafin a kira dillalin gona. Ya sa faifan a kwamfuta, ya duba, ya juyo ya ce, "Malam, wannan girki ne aka gama aka zuba a kwano. Ni cefanen nake son gani." Ashe cibiyar da ta ɗauki hoton ba ta sa ainihin abin da na'urar ta ɗauka a faifan ba, sai hotunan launin da ma'aikacinta ya sarrafa kawai. Kwana tara muka yi muna waya, ana ce mana ai abin da ake ba kowa ke nan, kafin a yarda a kwafo mana sauran.

Abin da ya buɗe mini a karo na biyu bai yi kama da komai ba. Hotuna ne kusan 1,800, toka-toka, dishi-dishi, waɗanda ko hanci da ido ba ka rabewa sosai. An raba ƙwaƙwalwar yanka 15, an ɗauki kowane yanka sau 120, kusan duk daƙiƙa ɗaya da rabi. Ya jera su ya kunna kamar majigi. Da fari babu abin da ya motsa. Can sai ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ta yi duhu kamar hadari ya gifta, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma ta washe. Wannan duhun, in ji shi, shi ne duk abin da aka auna. Sauran lissafi ne.

Na'urar MRI ba ta da ido. Babban maganaɗisu ce da ke aika igiyar rediyo cikin jiki, ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jikin su mayar da amo, kwamfuta ta juya ƙarfin amon zuwa haske da duhu, aikin da ya sa aka ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield kyautar Nobel a 2003. Don auna jini, sai a ɗura wa majiyyaci wani ruwa mai sinadarin gadoliniyam ta jijiyar hannu, da sauri, mililita 3 zuwa 5 a daƙiƙa, a kora shi da ruwan gishiri don ya tafi a dunƙule. Idan dunƙulen ya ratsa siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa sai ya dagula maganaɗisun da ke kewaye da su, amon ya faɗi. In ya wuce amon ya tashi. Dabarar tsohuwa ce. Wanda ya tsaya a bakin kwata lokacin da marini ya tuttular da ruwan baba daga sama zai ga shuɗin ya iso, ya yi kauri, ya dusashe, kuma daga kaurinsa da daɗewarsa zai iya faɗin wani abu game da ruwan kwatar. A 1897 George Stewart ya yi haka da gishiri a jinin dabbobi, a 1954 Paul Meier da Kenneth Zierler suka shimfiɗa lissafin, a ƙarshen shekarun 1980 kuma Arno Villringer da Bruce Rosen da Jack Belliveau suka shigo da shi cikin MRI a Boston.

Likitan ya taɓa wani ɗigo a allon, sai wani zane ya fito a gefe: layi a miƙe, ya gangara kwari, ya hauro. Kowane ɗan tubali na ƙwaƙwalwar yana da irin wannan layi nasa, kuma tubalan sun kai dubu ɗari biyu da wani abu. Gwargwadon zurfin kwarin da faɗinsa, gwargwadon jinin da ke cikin tubalin. Da a nan aka tsaya da abin ya zo da sauƙi. Amma kafin a auna kwarin sai an daidaita hotunan 120 a kan juna, domin majiyyaci kan motsa, kuma Yaya ya motsa. Mun ga kansa ya karkata daidai lokacin da sanyin ruwan ya hau hannunsa. In ba a gyara ba, tubalin da ke kan ƙwaƙwalwa a hoto na 40 zai koma kan ramin aiki a na 45, layin ya faɗi ba don jini ba. Sai an zaɓi hotunan farko da za a ɗauka a matsayin mizanin kafin isowar ruwan, sai an zaɓi inda kwarin ya fara da inda ya ƙare. Wanda yake son saurin gudun jinin, ba yawansa kaɗai ba, dole ya ƙara zaɓen wata jijiya da za ta wakilci yadda ruwan ya shigo, ya warware tasirinta da hanyar lissafin da Leif Østergaard ya yaɗa a 1996. Wannan ɓangaren likitan ya tsallake, ya ce ba shi ne damuwarmu ba.

Damuwarmu yoyo ce. Duk lissafin an gina shi ne a kan zaton cewa ruwan zai shiga jijiya ya fita ta jijiya, kuma a lafiyayyar ƙwaƙwalwa haka ne, saboda akwai shinge tsakanin jini da nama wanda gadoliniyam ba ya ƙetarewa. Jijiyoyin da ƙari ke jawowa kuwa kamar bututun ruwa ne a unguwar awon igiya, kowa ya ja nasa yadda ya ga dama, a karkace, mahaɗa duk tana ɗiga. Wurin da aka gasa shi ma shingensa a fashe yake. Ruwan da ya tsiyaye ya zauna a nama yana ɓata layin ta hanya biyu masu karo da juna: wani lokaci ya ɗaga layin sama da inda ya faro, kwarin ya zama ƙarami, a raina jinin, wani lokaci ya hana layin haurowa, kwarin ya yi faɗin da ba nasa ba, a zuzuta jinin. Maganin farko shi ne a fara ɗura ɗan ruwan 'yan mintoci kafin awon, don naman ya riga ya sha. Na biyu lissafi ne: a ɗauki matsakaicin layin sassan da ba sa yoyo, a gwada layin tabon da shi, a cire abin da yoyon ya ƙara ko ya rage. Jerrold Boxerman da Kathleen Schmainda da Robert Weisskoff sun nuna a 2006 cewa awon da aka yi wa wannan gyara yana tafiya daidai da tsananin ƙarin, wanda ba a gyara ba kuwa ba ya tafiya. A manhajar da likitan ke amfani da ita, duk wannan ɗan akwati ne guda da ake sa wa alama ko a bari. A sakamakon da aka ba mu babu inda aka ce an sa ko ba a sa ba.

Sai maganar lambar nan, 2.6. Na zaci ma'auni ne kamar mudu ko kilo. Ashe ninki ne: ana raba jinin tabon da jinin farin sashen ƙwaƙwalwa mai lafiya a ɗaya ɓangaren, don haka mutum ne ke zana da'ira biyu da hannunsa, ɗaya a kan tabon, ɗaya a kan lafiyayyen wurin. Ya matsar da ta biyun kaɗan a gabana, lambar ta sauya. Da ya ɗora taswirar launin a kan hoton da ke nuna surar ƙwaƙwalwa dalla-dalla, sai ga wata jijiya tana ratsa gefen tabon. Jijiya ai jini ce zalla, dole ta yi ja ko a kan wa. Da'irar farko ta haɗa da ita. An yi ƙoƙarin raba hannun mutum da wannan zane; tun 2012 ake gasar BraTS ta koya wa kwamfuta shata iyakar ƙari da kanta, a 2023 ma an shigar da hotunan majiyyata daga Nijeriya. Sai dai abin da kwamfutar ke koyo shi ne iyakokin da wasu likitoci suka riga suka shata.

Launin ya fi komai ba ni haushi, watakila don shi ya sa matar Yaya kuka. Babu ja a cikin abin da na'urar ta ɗauka. Lambobi ne, aka jera musu launukan bakan gizo, shuɗi a ƙasa, ja a sama, kuma mai sarrafawa ko manhajar ne ke yanke inda saman yake. Likitan ya ja wani ɗan ma'auni a gefen allon, tabon ya koma ruwan ɗorawa. Ya ƙara ja, ya zama kore. Ko lamba ɗaya ba ta sauya ba.

A nan ne na ji kunyar kaina. Aikina juyar da rubutun ajami ne zuwa boko, kuma na san abin da mai karatu ba ya gani. A kowane shafi akwai inda gara ta ci, ko tawada ta jiƙe, ko mai kwafa ya tsallake layi, inda dole in zaɓi karatu ɗaya cikin biyu. Akwai kuma abin da juyin kansa ke zubarwa: mai rubutun ajami yakan ja wasali da alifi, ya raba gashin da ke kan mutum da gashin da aka yi wa Yaya, boko kuwa ya haɗe su a sura ɗaya ya bar mai karatu da mahallin zance. Idan littafi ya fito, shafin sumul yake, babu alamar gardamar da na yi da kaina da tsakar dare. Kullum ina gargaɗin ɗalibai kada su kafa hujja da bugu ba su nemi asali ba, su tambayi wane ne ya juya, da wace ƙa'ida. Amma da aka miƙo mini bugu mai launi na ƙwaƙwalwar ɗan'uwana, sai na karɓe shi hannu bibbiyu, na fara lissafin kuɗin gona. Ina ganin kalmar da muka aro ce ta yaudare ni. Hoto a wurin Bahaushe shaida ne, abin da ya faru a gaban gilashi, kuma mun gaji cewa gani ya kori ji. Idan muka kira wannan abu hoto, mun ba shi matsayin ganau, alhali tsakaninsa da ƙwaƙwalwar akwai zaɓi shida ko bakwai na mutum da na manhaja. Masana fannin sun san haka. Bincike ya sha nuna cewa manhajoji daban-daban kan ba da lambobi daban daga awo guda, shi ya sa a 2020 suka fitar da matsaya ɗaya kan yadda za a riƙa ɗauka da sarrafawa. Mu masu ƙirƙirar kalmomin fannu mun fi damuwa da ko kalma ta yi daɗin faɗa, ko ta asali ce ko ta aro. Ba mu cika tambayar nawa ne nauyin tabbacin da take ɗora wa mai jinta ba, shi kuwa mai jin nan wani lokaci da ita zai yanke shawarar sayar da gona.

Da likitan ya daidaita motsin, ya gyara yoyon, ya fitar da jijiyar daga da'irar, lambar ta sauko 1.4. Na ce, "To Likita, ke nan ba ƙari ba ne?" Bai ba ni abin da nake so ba. Ya ce akwai lambar da aka fi ambata, 1.75, wadda Meng Law da abokan aikinsa suka fitar a New York a 2003, amma don raba ƙari mai tsanani da mai sauƙi aka fitar da ita, ba don tambayarmu ba. A tambayarmu, iyakokin da masu bincike suka bayar sun faro daga ƙasa da 1 har sama da 2. Ya ƙara da cewa sau da yawa wurin gauraye yake, mataccen nama da ragowar ƙari a tubali ɗaya, ga kuma tsohon jinin aiki da ke dagula amon a bakin ramin. Abin da zai iya sa hannu a kai shi ne, awon bai kai hujjar da za a sake buɗe kan mutum ba. A ci gaba da ƙwayar, a sake ɗauka bayan mako takwas, a na'ura ɗaya, da tsari ɗaya. Likitocin Alƙahira, da aka aika musu cikakken faifan, suka yarda da haka.

Saura Inna. Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma duk tsawon ciwon ba ta taɓa tambayar jikinsa kai tsaye a gaban mutane ba. Da na shiga ɗakinta bayan isha'i, ta ce, "Me hoton yayan naku ya ce?" Na yi ta kame-kame da kwata da ruwan baba da bututu mai yoyo, har na ga na fara ɓatar da ita. Ta katse ni ta ce, "Wato kintace ne, irin na hatsi tun yana tsaye a gona." Na ce haka ne, Inna, sai dai masu kintacen sun ƙware. Ta ce ai shi ma mai kintacen hatsi ya ƙware, amma ba a ɗaura aure da damin da ba a yanka ba. Tun daga ranar, in zan rubuta sunan abin da Hausa, taswirar kintacen jini nake rubutawa.

Mako takwas ɗin nan sun yi mana tsawo. Duk kalmar da ta kuɓuce wa Yaya sai mu kalli juna. Da aka sake ɗauka, tabon ya ragu da kusan rabi, bayan wata uku kuma ya zama ɗan zare. Ba a yi aikin ba. Yaya ya koma shago, yana zama daga hantsi zuwa azahar, yaransa na cika masa sunayen yadi in sun ɓace masa. Damunar nan an noma gonar.

Wata goma sha ɗaya bayan haka wani tabon ya fito, a bayan na farko, a wajen inda aka gasa. Wannan karon ban jira an ce mini ba, cikakken faifan na nema tun a wurin ɗauka, na kai wa likitan da kaina. Ya daidaita motsi, ya sa wa akwatin yoyo alama, ya duba ko akwai jijiya, babu. Ya matsar da da'irar lafiyayyen wurin sau uku, lambar ba ta sauko ƙasa da 4 ba. Ni na roƙe shi ya ja ma'aunin launin, ya ja har inda sauran ƙwaƙwalwar ta koma shuɗi mai duhu, tabon yana nan da jansa. Ya cire faifan ya sa a ambulan ya miƙo mini da hannu biyu.

Da na isa gida Inna tana kan dadduma. Ta dubi ambulan ɗin, ta dube ni, ba ta tambayi abin da taswirar ta ce ba. Ta ce in leƙa in ga ko yayan namu ya ci tuwon da ta aika masa.